Mulkin Allah Kamar Shuka Yake

Karatu: Matiyu 13:1-50, Markus 4:1-34

Ko a Garwa wannan ɗan littafi ya same ka, ko a Gidar, ko Marwa, ko Yagwa, ko a wani ƙauye na bakin Binuwai, muna roƙonka ka buɗe Littafi Mai Tsarki ka karanta wuraren nan biyu tukuna. Wannan darasi ɗan jagora ne kawai, Maganar Allah ita ce abincin.

Akwai tambayar da take damun masu bi da yawa a ƙasarmu, ko da yake ba kowa ne yake furta ta ba. Mutum ya yi shekara goma yana zaman lafiya da maƙwabtansa, yana yi musu addu'a, yakan faɗi abin da Yesu ya yi masa in dama ta samu, amma har yau bai ga ko mutum ɗaya da ya juyo ba. Mai bishara yana ƙauye, ran Lahadi mutum bakwai ne a majami'a, huɗu daga cikinsu 'ya'yansa ne. Uwa tana kuka saboda ɗanta da ya girma a makarantar Lahadi, ya tafi Duwala neman kuɗi, ya daina ko ambaton sunan Allah. Sai zuciya ta ce, "Anya, wannan wahala tana da amfani kuwa?" Daga nan wani yakan ja bakinsa ya yi shiru ɗungum. Wani kuma yakan koma gardama da faɗa, yana so ya samu da ƙarfi abin da bai samu da lalama ba. Duka biyun hasara ce.

Almajiran Yesu ma sun kai wannan wuri. In ka duba Matiyu sura 11 da 12, za ka tarar Yahaya Maibaftisma yana kurkuku, har ya aika a tambayi Yesu ko shi ne wanda ake jira. Garuruwan da suka ga al'ajabai sun ƙi tuba. Farisiyawa suna shawarar yadda za su hallaka shi. A irin wannan lokaci ne Ubangiji ya shiga jirgin ruwa a bakin Tekun Galili, ya zauna, ya koya wa taro da misalai. Bai kwatanta Mulkin Allah da rundunar yaƙi ko fadar sarki ba. Ya kawo maganar iri, da gona, da kwaɓin gari, da kasuwa, da taru. Mu da muke ƙasar manoma da masunta da 'yan kasuwa, bai kamata misalan nan su yi mana wuyar ganewa ba.

1. Mai shuka da ƙasa iri huɗu

A misali na fari, mutum ya fita shuka. Wani iri ya faɗa a hanya, tsuntsaye suka cinye. Wani ya faɗa inda ƙasa ba ta da zurfi, ya tsiro da sauri, rana ta ƙone shi. Wani ya faɗa cikin ƙaya, ta shaƙe shi. Wani kuwa ya sami ƙasa mai kyau, ya ba da amfani mai yawa. Ka lura, mai shuka ɗaya ne, iri ma ɗaya ne. Abin da ya bambanta shi ne ƙasa. Ubangiji da kansa ya fassara, ya ce irin Maganar Allah ce, ƙasa kuwa zuciyar mai ji.

Duk ƙasan nan huɗu muna da su. Akwai fako, wanda Fulani suke kira harde, ƙasar da ta taurare har ruwan sama yakan bi ta kanta ya wuce. Haka zuciyar da ta sha jin wa'azi har ta saba, ba abin da yake shigarta. Akwai ƙasar gindin dutse, irin ta duwatsun Mandara, inda manomi sai ya jera duwatsu ya tare 'yar ƙasar da yake da ita. Haka mutumin da ya karɓi Magana da murna a babban taro, amma da dangi suka juya masa baya, sai ya koma. Game da ƙaya kuwa, ka tuna da ƙuduji, wanda waɗansu suke kira wuta-wuta. Ƙwayarsa kamar ƙura take, tana iya kwanciya a ƙasa shekaru tana jira. In ta ji saiwar dawa kusa, sai ta tsira ta manne mata, ta yi ta shan ruwanta a ɓoye. Kafin ka ga furensa a sarari, ya riga ya gama da dawar. Haka damuwar duniya da son kuɗi suke yi. Mutum yana zuwa sujada, yana cikin ƙungiyar mawaƙa, amma bashi da kishi da neman abin duniya suna tsotse shi ta ƙarƙashi. Manoma sun san ƙuduji ya fi ƙarfi a gonar da ta gaji, wadda aka daɗe ba a kai mata taki ba. Zuciyar da ta daɗe ba addu'a, ba karatun Magana, ita ce gidansa.

Darasi biyu ke nan. Na fari naka ne: kafin ka duba gonar maƙwabci, wace irin ƙasa ce zuciyarka a yau? Na biyu na aikinka ne: Ubangiji ya faɗa tun da wuri cewa ba duk irin da aka shuka ne zai kai girbi ba. Shi da kansa ya yi wa'azi, waɗansu suka ƙi. Saboda haka in an ƙi maganarka, kada ka ce irin ne ba shi da kyau, kada kuma ka rufe buhu. Ba ka san ƙasar zuciyar mutum daga fuskarsa ba. Fako ma, in aka sare shi, aka yi masa kunya mai tare ruwa, aka zuba taki, yakan farfaɗo.

2. Irin da yake girma a ɓoye

Markus ne kaɗai ya rubuta mana wannan misali (4:26-29). Mutum ya watsa iri, ya koma harkarsa, yana kwana yana tashi. Irin yana tsira yana girma, shi kuwa bai san ta yaya ba. Sai ganye, sai kai, sai ƙwaya ta cika, sa'an nan ya sa lauje.

Wanda ya taɓa noman masakwa zai gane wannan sarai. A filayen laka na kewayen Marwa da na kwarin Binuwai, waɗanda Fulani suke kira karal, ana yafa iri a wuri ɗaya wajen ƙarshen damina. In ruwa ya janye, wajen watan Oktoba, sai a share fili, a huda ƙasa da sanda mai tsini, a sa dashe a rami, a zuba masa ɗan ruwa kaɗan. Shi ke nan. Ba sauran ruwan sama. Hunturu ya zo, ƙasa ta tsattsage, baƙon da bai sani ba zai ce wannan manomi ya yi aikin banza. Amma laka ta riƙe danshi a can ƙasa, saiwa tana binsa a hankali inda ido ba ya gani. Wajen Janairu da Fabrairu, lokacin da ko'ina ya bushe, sai ga gona ta yi kai, ana yanka ana kaiwa rumbu.

Manomin masakwa yana da aikinsa, kuma aiki ne mai wuya, a tsugune cikin rana. Amma akwai inda aikinsa ya tsaya. Ba ya tone rami kowace safiya don ya ga ko saiwa ta kama. In ya yi haka, shi da kansa zai kashe shukar. Manzo Bulus ya raba aikin gida uku ga Korantiyawa: dashe nasa ne, ban ruwa na Afolos, girma kuwa a hannun Allah yake (1 Korantiyawa 3:5-9). Kai ba ka iya sāke zuciyar kowa. Wannan aikin Ruhu Mai Tsarki ne. In ka gane haka, nauyin da ba naka ba zai sauka daga kanka, girman kai kuma ba zai sami wurin zama ba.

Aikin rediyo kansa irin wannan shuka ce. A shekarar 1963 aka buɗe babbar tashar Muryar Bishara a Adis Ababa ta ƙasar Habasha. Ana shirya shirye-shiryen Hausa a Jos, daga 1966 kuma Sawtu Linjiila ta fara shirya na Fulatanci a Ngaundere. Masu magana a ɗakin ɗaukar murya ba su ga fuskar makiyayin da yake saurare a ruga ba, ba su san sunan matar da ta rage murya tana ji a ɗakinta ba. A 1977 gwamnatin soja ta Habasha ta ƙwace tashar. Mai duban ido zai ce gonar ta ƙone. Amma aikin ya ci gaba ta waɗansu tashoshi da kaset-kaset, yau kuma Magana tana yawo har a cikin wayar hannu. Uwar da take kuka saboda ɗanta, ki riƙe wannan: ayoyin da ya haddace yana yaro suna nan kwance kamar danshi cikin laka. Ki ci gaba da addu'a, ki ci gaba da kiransa da muryar ƙauna. Zafin nema ba ya kawo samu.

3. Alkama da ciyawa a gona ɗaya

A wannan misali, maigida ya shuka iri mai kyau, abokin gaba ya zo da dare ya yafa mugun iri. Da barori suka gani, suka nemi izini su je su tumɓuke. Maigida ya hana su, don kada garin cire ciyawa su tuge alkama. Ya ce a jira ranar girbi. Ciyawar da ake nufi tana kama da alkama ƙwarai sa'ad da take ƙarama, kamar yadda shibra take kama da gero. Sai sun fid da kai ake rarrabe su.

Wannan misali yana da nauyi a kanmu. Tun daga 2014 'yan Boko Haram suka addabi garuruwan kan iyaka a Arewa Mai Nisa, irin su Kolofata da Amcide da ƙauyukan Mayo Tsanaga. Sun ƙone majami'u da gidaje, sun kori mutane daga gonakinsu. A Fotokol, a shekarar 2015, sun kashe mutane har a cikin masallaci. Kirista ya yi kuka, Musulmi ya yi kuka. Wanda ya binne nasa, in zuciyarsa ta ce a tumɓuke, ba za mu yi masa dariya ba, gama ciwon na gaske ne. Amma Shaiɗan yakan shiga ta wannan ƙofa, ya sa ka dubi maƙwabcinka wanda kuka sha ruwan rijiya ɗaya shekara ashirin, ka fara ganinsa kamar maƙiyi. Zuciyar da ta cika da zargi ba ta iya ba da shaida. Ba ka iya kai wa mutum labari mai daɗi alhali kana ƙinsa.

Ka tuna da Yakubu da Yahaya. Da wani ƙauyen Samariyawa ya ƙi karɓar Yesu, suka so su kira wuta daga sama, Ubangiji ya tsawata musu (Luka 9:51-56). Bayan 'yan shekaru, Yahayan nan ne ya tafi Samariya tare da Bitrus, suka yi wa sababbin masu bi addu'a, suka bi ƙauyuka suna wa'azi (Ayyukan Manzanni 8:14-25). Da an ba shi wutar da ya roƙa, wa zai tarar a can? Ka tuna da Shawulu kuma, mai kama masu bi yana jefa su kurkuku. Da ikkilisiyar Urushalima tana da ikon tumɓukewa, da shi za ta fara. A gonar Allah, abin da yake ciyawa yau yana iya zama alkama gobe.

Misalin bai hana hukuma ta tsare rayukan mutane ta hukunta mai laifi ba, bai kuma hana dattawan ikkilisiya su yi horo cikin ƙauna ba. Abin da ya hana shi ne mu ɗauki lauje na ranar shari'a, mu yanke wa mutum hukunci na har abada. Wannan lauje ba a ba mu ba. Akwai ranar girbi, Maigona ba zai manta da jinin kowa ba. Sanin haka ne yake ba mai bi ƙarfin barin ramuwa.

4. Ƙwayar mastad da yisti

Ubangiji ya kwatanta Mulkin da ƙwayar mastad, 'yar mitsitsiya, wadda in ta girma takan fi sauran ganyayen lambu, har tsuntsaye su sami wurin sauka. Mu nan ba mu cika ganin mastad ba, amma mun san dogon yaro. Ƙwayarsa ba ta fi ƙwayar gyaɗa ba, asalinsa ma daga Indiya aka kawo shi. Yau fa, a watan Maris da Afrilu, sa'ad da zafin Garwa ya kai intaha, a ƙarƙashinsa mai shayi da tela da mai gyaran babur suke fakewa. Waɗanda suka dasa shi a titunan Garwa da Marwa, da yawa ba su zauna a inuwarsa ba.

Haka tarihin ikkilisiya yake a wannan ƙasa. A 1918 wani mutum mai suna Berge Revne da matarsa Herborg suka taso daga Amurka. Sun iso wannan yanki a 1920, amma sai a 1923 hukumar Faransa ta ba su izinin aiki. Shekaru suka yi suna jira, suna koyon harshe. A 1923 ɗin ne Adolphus Gunderson ya fara aiki a Mbula kusa da Meiganga, a 1925 kuma 'yan mishan na Norwe suka sauka a Ngaundere. A 1946 limaman Katolika suka iso arewa a ƙarƙashin jagorancin Yves Plumey. Mutane ne 'yan kaɗan, baƙi, masu fama da zazzaɓi da harshen da bai zauna a bakinsu ba. Yawancin aikin kuwa ba su ne suka yi ba. 'Yan ƙasa ne, masu bishara da malaman makaranta waɗanda ba a rubuta sunayensu a littattafai ba, suka bi ƙauyuka a ƙafa da kan keke. Yau ikkilisiyar da ta fito daga aikin su Revne tana da hedkwatarta a nan Garwa, 'yan ƙasa ne suke bi da ita, ana kuma karanta Littafi Mai Tsarki da harshen Mundang da Masa da Tupuri. Mai bishara mai mutum bakwai, kada ka rena ranar ƙananan abubuwa. Da rarrafe yaro kan tashi.

Ka dubi Minawawo ma, kusa da Mokolo, inda aka buɗe sansanin 'yan gudun hijira a 2013 domin waɗanda suka tsero daga Najeriya. Neman itacen girki ya sa wurin ya zama fili fetal. Daga baya mazauna sansanin, da taimakon Tarayyar Lutheran ta Duniya da hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, suka yi renon itatuwa suka dasa, har inuwa ta dawo. Mutumin da aka kora daga gidansa, ya durƙusa ya dasa itace a ƙasar baƙunci, ya yi wa'azin sa zuciya ko da bai buɗe baki ba.

Misalin yisti kuwa naki ne, 'yar'uwa. Mace ta ɗauki ɗan yisti ta cuɗa cikin gari mai yawa, wanda zai ciyar da babban taro, har duka ya tashi. Kin san yadda ƙullun masa yake. Da yamma kin dama, kin sa ɗan abin tashi, kin rufe. Ba ƙara, ba hayaniya. Da asuba ya kumbura ya cika roba. Amma yisti ba ya aiki in yana cikin ƙunshinsa a kan kanta, sai ya shiga cikin garin. Mai bin da ba ya zuwa suna, ba ya zuwa ta'aziyya, ba ya gaida kowa sai 'yan majami'arsu, yisti ne a cikin ƙunshi. Yawancin bisharar da ta shiga gidajen ƙasar nan ta bi ta bakin rijiya, da wurin niƙa, da ɗakin mai jego, ta hannun matan zumunta.

5. Dukiyar da aka binne da lu'ulu'u mai tsada

Mutum biyu ne a nan. Ɗaya ya yi tuntuɓe da dukiya a gona, ba nemanta yake yi ba. Ɗayan ɗan kasuwa ne, ya daɗe yana neman lu'ulu'u mai kyau. Dukansu suka sayar da abin da suke da shi don su mallaki abin da suka gani. Wanda ya saba da kasuwar shanu ta Adumri ko kasuwar Pitowa ya san wannan lissafi. Mai ido yakan sayar da tumaki biyar don ya sayi bijimi ɗaya, ya koma gida yana murna, domin ya san abin da ya riƙe.

Haka mutane suke zuwa wurin Yesu har yau. Wani yana murɗa rediyo yana neman labarai sai ya ci karo da Magana. Wani kuwa ya yi shekaru yana tambaya, yana bincike. Kada ka ce dole kowa ya bi ta hanyar da ka bi. Kada kuma ka ɓoye wa kowa tsadar abin. A ƙasarmu akwai wanda bin Yesu zai jawo masa rasa gādo, ko aure, ko wurin kwana. In ka gaya masa cewa daga ranar da ya ba da gaskiya wahala ta ƙare, ka shuka shi a kan dutse. In kuwa ya biya wannan tsada, wajibi ne ikkilisiya ta zama masa dangi na gaske, da tuwo da tabarma da sana'a.

Ceto kyauta ne, ba a sayensa. Amma wanda ya gane darajarsa yakan saki abin da yake hannunsa da murna. Simon Mpeke, wanda aka fi sani da Baba Simon, yana cikin limaman Katolika 'yan Kamaru na farko da aka keɓe a 1935. Yana da babbar ikkilisiya a unguwar New Bell ta Duwala. A 1959, yana da shekara fiye da 50, ya bar ta ya hau arewa, ya zauna a Tokombere cikin mutanen dutse waɗanda ake renawa. Yana tafiya ba takalmi, yana sauraron dattawansu, yana sa 'ya'yansu a makaranta. Ya rasu a 1975, har yau ana tunawa da shi a can. Kai fa, me ka taɓa saki saboda Mulkin? In bangaskiyarka ba ta taɓa cin maka ko sisi ba, da wuya maƙwabci ya yarda dukiya ce.

6. Taru

Misali na ƙarshe na masunta ne. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Lagdo a 1982, masunta daga kabilu dabam dabam suka taru a bakin tafkin. Sun san taru ba ya zaɓe. Yakan jawo karfasa da tarwaɗa da giwan ruwa, ya haɗo da abin da ba a ci. Sai an kai gaɓa ake zama a tsince. Aikin ikkilisiya jefa taru ne, tsincewa ta mala'iku ce a ƙarshen zamani. Saboda haka kada majami'arku ta zama ta kabila ɗaya. In Bahaushe ko Bafulatani ko Bakotoko ya leƙo ƙofa, ya ji ana sujada da harshen da ba ya ji, ba wanda ya matsa masa a benci, to, tarunku ya yage. Misalin gargaɗi ne kuma: zama cikin taru ba shi ne zama kifi mai kyau ba. Sunanka a littafin baftisma ba zai tsaya maka a ranar nan ba, sai tuba ta gaskiya da dogara ga Almasihu.

7. To, yaya za ka yi shuka a wannan mako?

Ka fara da addu'a. Zaɓi mutum uku, ka riƙa ambaton sunayensu a gaban Allah kowace rana.

Ka gyara mudunka. In kana awo, ka cika. In ka karɓi iri da taki bashi don noman auduga, ka biya, kada ka bar wa 'yan ƙungiyarku nauyinka. Wanda ka cuta a kasuwa ba zai saurare ka a kan maganar sama ba.

Ka zama maƙwabci. Ka je gaisuwar rashin lafiya, ka zauna a wurin makoki, ka yi wa mutane barka da Salla. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Ka saurara kafin ka yi magana. In an tambaye ka dalilin sa zuciyarka, ka amsa da tawali'u da ladabi, kamar yadda Bitrus ya umarta (1 Bitrus 3:15-16). Kada ka zagi addinin kowa ko abin da yake girmamawa. Faɗi abin da Yesu ya yi maka, da kalmomi masu sauƙi. In ba ka san amsar wata tambaya ba, ka ce za ka tambayo.

Ka yi magana da harshen da mutum yake ji a zuciyarsa. Littafi Mai Tsarki yana nan da Hausa tun 1932, da Fulatancin Adamawa kuma tun 1983. In wani ya nuna yana so, ka ba shi aro, ko ka gaya masa lokacin shirinmu.

Kada ka sayi kowa da shinkafa ko kuɗi ko alkawarin aiki. Ka taimaki mabukaci domin yana bukata, ko ya bi ko bai bi ba. Kada kuma ka ja yaron mutane a ɓoye ba da sanin iyayensa ba. Mulkin gaskiya ba ya shiga ta ƙofar baya.

Tambayoyi domin nazari a gida ko a ƙungiya

1. A cikin ƙasa huɗun nan, wacce ta fi kama da zuciyarka a wannan shekara? Mene ne ƙudujin da yake shan ruwanka?
2. Wane ne ya fara shuka Magana a zuciyarka? Shekara nawa ta yi kafin ta tsira? Ya ga amfanin da idonsa?
3. Akwai mutum ko jama'ar da ka riga ka yanke musu hukunci a zuciyarka? Me misalin alkama da ciyawa yake ce maka?
4. In baƙo mai wani harshe ya shigo majami'arku ran Lahadi, me zai sa ya sāke dawowa?

Addu'a

Ya Ubangiji Allah, Maigona, mun gode maka domin waɗanda suka shuka Maganarka a ƙasarmu da hawaye. Ka farfasa fakon zuciyarmu, ka tuge abin da yake shaƙe mu. Ka ba mu hannu mai shuka, da zuciya mai jira, da baki mai ladabi. Ka ta'azantar da waɗanda aka kora daga gidajensu, ka tsare mu daga ƙiyayya da ramuwa. Ka sa wa maƙwabtanmu albarka, ka ba ƙasarmu Kamaru salama. Ka ƙarfafa masu bishara da suke ƙauyuka, kada su karai. Muna roƙo cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Amin.